Tattalin Arzikin Awa 24 Da Bashin Barcin Mutanen Kejetia

A ranar 2 ga Yulin 2025 ne Shugaban Gana John Dramani Mahama ya ƙaddamar da shirin da ya fi kowanne amo a yaƙin neman zaɓensa, wato tattalin arzikin awa 24. Manufar ita ce masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da wasu ofisoshin gwamnati su riƙa aiki ba dare ba rana, ma'aikata rukuni uku suna karɓa-karɓa, kowane rukuni da awa takwas ɗinsa. Gurbin da ke ciyar da mutum ɗaya sai ya ciyar da uku. A ƙasar da samari ke yawo da takardun kammala karatu ba aikin yi, mai hankali ba zai yi wa wannan tunani dariya ba.

Sai dai wanda ya san kasuwar Kejetia ta Kumasi zai ce ai an daɗe ana ruwa ƙasa tana shanyewa. Kafin mai shago ya iso da makullinsa, jama'a da dama sun ci rabin aikinsu. Akwai direban da ya kwana a hanya da albasar Nijar, da wanda ya taso da tumatirin Burkina Faso, da masu doyar Techiman da Ejura. Akwai 'yan dakon da ke sauke buhuna cikin duhu, da mai aboboya, babur mai ƙafa uku, da ke jigilarsu, da mai koko da ƙosai da ta hura wuta tun kafin kiran assalatu, da maigadin da ya ga fitowar alfijir a tsaye, da 'yan matan kayaye masu dakon kaya a ka da suka ɗan runtsa a bakin shagon wani. Da yawa daga cikinsu mutanenmu ne na Zango da baƙin Arewa, daga unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba da Alabar. Sabon ginin kasuwar mai shaguna sama da 8,000 na iya rufe ƙofa da dare, amma hidimar da ke cika shi da kaya ba ta da ƙofar rufewa.

Abin da nake son faɗa shi ne, dare yana da farashi, kuma da jiki ake biya. Mutanen Kejetia sun shekara da shekaru suna biya ba tare da an rubuta ko'ina ba. Kafin a faɗaɗa aikin dare zuwa ƙasa baki ɗaya, ya kamata hukuma da mu kanmu mu san ko nawa ne.

Agogon da aka haife mu da shi

Manomin gyaɗa ya san ganyenta yana naɗewa da almuru, ya buɗe da safe. Haka ma tsamiya. Kowa zai ɗauka fitowar rana ce ke buɗe shi. A 1729 wani masani Bafaranshe, Jean-Jacques de Mairan, ya kulle wani tsiro mai irin wannan hali cikin duhu, sai ya ga ganyen bai fasa buɗewa da rufewa a kan lokacinsa ba. Ashe lissafin a cikin tsiron yake. Sai a 1984 Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young a Amurka suka ware ƙwayar gadon da ke wannan aiki a jikin wani ɗan ƙaramin ƙuda mai bin 'ya'yan itace. Ƙwayar tana sarrafa wani sinadari da ke taruwa da dare. In ya yi yawa sai ya toshe ita kanta ƙwayar da ta samar da shi, da rana ya narke, a sake sabon zagaye, duk cikin kimanin awa 24. Wannan bincike ne ya ba su kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017, domin an gano irin wannan tsari yana aiki a kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum.

Ka ɗauki jiki kamar ayarin fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro. Madugun yana cikin ƙwaƙwalwa, wani ɗan gungun jijiyoyi ne kimanin 20,000 da ke zaune daidai saman mahaɗar jijiyoyin ido biyu. Shi haske yake saurara. Idan an bar shi ba rana ba agogo, zagayensa yakan ɗan zarce awa 24: binciken Charles Czeisler na Jami'ar Harvard a 1999 ya same shi kimanin awa 24 da minti 11. Hasken safiya ne ke daidaita shi kullum. Sauran 'yan ayarin kuwa, hanta da hanji da tsoka da gaɓar da ke samar da insulin, kowanne da nasa ƙaramin agogo, kuma sukan karkata ga lokacin cin abinci. Muddin haske da abinci da barci suna faɗin magana ɗaya, tafiya lafiya lau. Ranar da madugu ya ce dare ne, ciki kuma ya karɓi tuwo da ƙarfe biyu, ayari ya rabu.

Ga yadda yinin jiki yake ga mai kwana da dare. Bayan duhu ya shiga, sinadarin melatonin yana ƙaruwa a jini, shi ne shelar dare ga gaɓoɓi. Cikin barci ƙarfin bugun jini yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, zuciya ta samu sarari. Wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba zafin jiki yana kaiwa mafi ƙanƙanta, kuzarin hankali ma haka. Gab da farkawa sinadarin kotisol ya tashi, ya shirya mutum ga fita. Jiki ya fi iya sarrafa suga da safe fiye da dare, shi ya sa kwanon abinci ɗaya ba ya yin aiki iri ɗaya da hantsi da tsakar dare.

Kumasi na cikin garuruwan da Allah ya sauƙaƙa wa wannan lamari. Ba ta da nisa da tsakiyar duniya, don haka rana na fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen shida duk shekara, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya ba. Gana ba ta matsar da agogo gaba da baya kamar Ingila da Amurka. Musulmin Zango kuma yana da salloli biyar da ke bin rana sau da ƙafa. Duk wata rikicewar agogon jiki a nan, hannun mutum ne ya kawo ta.

Abin da dare ke karɓa

Ka tambayi direban Bolgatanga ko maigadi a unguwar Adum ta Kumasi, amsar ɗaya ce: “Ai mun saba, jiki ya riga ya saba.” Bincike a kan masu aikin dare na dindindin ya nuna ƙalilan ne ƙwarai agogonsu ke juyawa gaba ɗaya. Dalili a fili yake. Mutum ya tashi aiki da ƙarfe shida ya nufi gida cikin hasken safiya, idonsa ya sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye. Ya kwanta a gidan haya mai ɗakuna goma, ga zafi, ga yara, ga rediyon maƙwabci, ga mai talla. Barcin da zai samu gajere ne, mai yankewa. Abin da ya saba da shi gajiya ce, har ya manta yadda hutawa take.

Farashi na farko a kan titi ake biyansa. Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne, Bolgatanga ta haura 500, kuma manyan motocin Arewa da yawa da dare suke tashi. Binciken da Drew Dawson da Kathryn Reid na Ostareliya suka wallafa a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa yana komawa kamar na wanda giya ta kai 0.05 cikin ɗari a jininsa. In ya cika awa 24, abin ya kai wajen 0.10, ya wuce iyakar da dokokin ƙasashe ke yarje wa mai tuƙi. Alhajin da bai taɓa kusantar kwalba ba zai iya zama a bayan sitiyari cikin halin mashayi, shi bai sani ba. A daren 22 ga Maris 2019, kafin wayewar gari, manyan motocin fasinja biyu suka yi taho-mu-gama a kan hanyar Techiman zuwa Kintampo, ɗaya ta kama da wuta, mutum sama da 50 suka rasu. Rahotannin lokacin sun yi zargin gyangyaɗin direba. Barci ɓarawo ne, kuma daƙiƙa uku na runtsa ido a gudun kilomita 90 a awa daidai suke da mita 75 da mota ta yi ba mai kula da ita.

Farashi na biyu a hankali yake zuwa. A 2009 Frank Scheer da abokan aikinsa a Boston suka ajiye mutum goma masu lafiya a ɗakin gwaji, suka riƙa matsar musu da lokacin ci da barci har ya zama suna ci da kwana akasin agogon jikinsu. Cikin 'yan kwanaki suga ya hau, bugun jini ya ƙaru, sinadarin da ke sanar da ƙoshi ya ragu. Uku daga cikin takwas da aka samu cikakken awonsu sun nuna suga irin na wanda ke bakin kamuwa da ciwon. Kwanaki kaɗan ke nan. To ina ga ɗan dakon da ya shekara ashirin yana cin shinkafa da taliya da shayi mai kauri da ƙarfe biyun dare? Nazarce-nazarce masu yawa a kan ma'aikatan jinya da na masana'antu sun danganta daɗewa a aikin dare da ƙarin haɗarin ciwon suga da ƙiba da hawan jini da ciwon zuciya. Waɗannan kuwa su ne cututtukan da ke cika layin asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda ba shi da nisa da kasuwar. Gado da gishiri da mai da rashin motsa jiki duk suna da kasonsu, amma da wuya ka ji an tambayi majinyaci ƙarfe nawa yake kwanciya.

Akwai na uku. A 2007 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a Lyon ta Faransa, ta saka aikin karɓa-karɓa mai rikita agogon jiki a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa kansa, ta sake jaddada haka a 2019. Hujjar ba ta kai ƙarfin ta taba sigari ba, kada a firgita kowa. Amma ta isa ta sa Denmak ta biya diyya ga wasu matan da suka kamu da kansar mama bayan dogon aikin dare. Mu a nan sai a ƙara da sauro, domin mai ɗauke da zazzaɓin cizon sauro da dare ya fi cizo, kuma yarinyar da ta kwana a barandar shago ba ta cikin gidan sauro.

Goro da ataya da abin da ya biyo baya

Goro ne ya fara kawo kakanninmu wannan ƙasa, kuma shi ne tsohon makamin yaƙi da barci. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa, da cikin shayin ataya da kofi da lemukan ƙarin kuzari, ba ya biyan bashin barci. Akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa gwargwadon daɗewar mutum a farke, shi ke kawo nauyin ido. Kafeyin toshe masa hanya yake yi na ɗan lokaci, adenosin na nan yana jira. Rabin kafeyin ɗin da ka sha kuma yana cikin jini bayan kimanin awa biyar. Wanda ya kurɓi zagaye uku na ataya da ƙarfe goma, da ƙarfe uku na dare bai rabu da shi ba.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba duk mai raba dare a Zango ne neman abinci ya hana shi barci ba. Majalisun ataya na samari sukan kai ƙarfe ɗaya ko biyu ana musun ƙwallon Turai, kowa da waya a tafin hannu, haskenta cikin ido. Akwai ƙwayoyi a cikin ido da aikinsu auna haske ne su kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, kuma sun fi jin haske mai shuɗi-shuɗi irin na fararen fitilun zamani. Hasken dare yana danne melatonin, ya tura agogo gaba. Da safe kuma mutum ya shige cikin shago ya wuni ƙarƙashin ƙwan lantarki, bai ga ranar da za ta mayar da agogon daidai ba. Dare ya yi haske, rana ta yi duhu.

Idan goro da ataya sun gaza, sai a koma ga ƙwayar tiramol. Tun wajen 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana take fama da yaɗuwarsa, kuma masu aikin ƙarfi da yawa na cewa don su jure suke sha. Mun iya tsine wa ƙwaya a mumbari, amma ba mu cika tambayar wane irin aiki ne ke buƙatar yaro ya kashe jin gajiyarsa kafin ya iya yinsa ba.

Yaran ma a duba su. Da balaga agogon jiki yakan ja baya da kansa, saurayi ko budurwa ba sa jin barci da wuri, alhali suna buƙatar awa takwas zuwa goma. Yarinyar da ta taya uwarta sayar da abinci har sha ɗayan dare, ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta tafi boko, ta wuce islamiyya, in ta yi gyangyaɗi a aji bulala ba za ta gyara ta ba.

“Talaka ina ya ga ta barci?”

Wannan ita ce hujjar da za a jefo mini, kuma tana da nauyi. Tumatir ba ya jiran gari ya waye, zafin rana ruɓar da shi yake. Da dare hanya ta fi sarari, inji ya fi sanyi, 'yar kasuwa ta isa da safe ta sari kaya ta juya ba ta biya kuɗin masauki ba. Mai koko in ba ta tashi ƙarfe uku ba, ma'aikaci ba zai karya kumallo ba, 'ya'yanta ba za su ci na rana ba. Yunwar yau ta fi ciwon sugan shekara goma masu zuwa kusa. Asibiti da 'yan kwana-kwana da masu tsaro kuwa dole wani ya kwana a farke dominmu.

Duk na yarda. Ba cewa nake a hana aikin dare ba. Cewa nake tunda dole ne, a daina yi kamar kyauta ne. Ribar dare kowa yana ci, daga mai mota zuwa mai shago zuwa mai sayen tumatir da araha, asarar kuwa jikin mutum ɗaya take faɗa wa, kuma galibi shi ne mafi rauni a cikinmu. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ƙayyade awa takwas a rana da arba'in a mako, ta ba ma'aikaci hutun awa 12 a jere tsakanin yini da yini, ta hana sa mai juna biyu aiki daga goma na dare zuwa bakwai na safe sai da yardarta. Dokokin hanya na 2012 sun hana direban haya tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba hutu. A takarda babu laifi. Amma ɗan dako da 'yar kayaye da yaron mota ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da wanda za su kai ƙara. Idan an kasa kare su a yanzu, me zai kare sabbin rukunin dare da ake shirin ɗauka?

Abin da za a iya yi

Ga hukuma, ma'aunin yana nan tun 1990, lokacin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya ta 171 a kan aikin dare: duba lafiya kyauta ga ma'aikacin dare, da ladan da ya yi la'akari da wahalar aikin, da mayar da wanda lafiyarsa ta gaza zuwa aikin rana. Duk kamfanin da zai ci rangwamen haraji ko na lantarki da sunan awa 24, a ɗaura masa waɗannan sharuɗɗa. A taƙaita yawan dararen da mutum zai yi a jere, kuma juyin ya riƙa tafiya gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jiki ya fi saurin karɓar jinkirta barci a kan gaggauta shi. Hukumar birnin Kumasi da Asusun Raya Zango su sa ɗakunan kwana masu tsaro ga 'yan dako da direbobi cikin lissafin gina kasuwa, kamar yadda ake lissafin shago da wurin ajiye mota. Ƙungiyar direbobi ta GPRTU kuma tana da ikon da ɗan sanda ba shi da shi, don ita ke riƙe da layin lodi. Motar da za ta yi doguwar tafiyar dare kada ta tashi sai da direba biyu, wanda ya iso da asuba kuma kada a ba shi lodi sai ya yi barci.

Ga mai aikin dare, akwai dabarun da ba sa cin ko sidi ɗaya. A 2021 masu binciken nan na Boston sun gwada rukuni biyu a aikin dare na gwaji. Waɗanda suka ci abinci da dare sugansu ya hau da kusan kashi 6 cikin ɗari, waɗanda suka tsayar da cinsu da rana bai hau ba. Don haka a ci mai nauyi kafin a fita, tsakar dare a tsaya ga ruwa da ɗan abu kaɗan. A ajiye goro da shayi awa shida kafin kwanciya. A toshe tagar ɗaki da baƙin ƙyalle, mutanen gida su san barcin Baba na rana haƙƙi ne kamar na kowa da dare. A riƙa auna jini da suga ko ba a jin ciwo.

Ga sauranmu, maganin yana cikin abin da malamai suka daɗe suna karantarwa. Sunna ta ƙi hira marar dalili bayan lisha, ta kwaɗaitar da sammako da ƙailula. Kwanciya da wuri a lokaci ɗaya kullum, fita cikin hasken safiya, ɗan barcin minti ashirin zuwa talatin da azahar, babban mutum ya haɗa aƙalla awa bakwai: likitan barci ba zai ƙara maka da yawa a kan wannan ba. Da azumi ma, tsayuwar dare daban, zaman hira daga tarawihi har sahur daban. Limaman Zango da ke wa'azi a kan ƙwaya su haɗa da wannan, don jiki amana ne.

Saura mu fasinjoji. Mu ne muke zaɓar motar da ake yabo da cewa direbanta ba ya tsayawa. Mu ne in direba ya faka a Kintampo ya ce zai ɗan runtsa, sai a hau shi da faɗa, wannan ta ce kasuwa za ta wuce ta, wancan ya ce ba kuɗin kwana ya biya ba. Direban da ya san iyakar jikinsa ya tsaya, shi ya cancanci a yi masa sannu, a saya masa ruwa, a nemi motarsa a tafiya ta gaba. Ranar da tsayawa ta zama abin da ke kawo wa mai mota fasinja, ba sai an jira doka ba, da kansa zai ɗauki direba na biyu.